Tarihin Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Editan Gaskiya Na Fari

 Ya ku malamaina da 'yan'uwana almajirai, da ku fatake da 'yan kasuwa masu karanta wannan shafi, yau nufina in kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda kusan kowa ya san sunansa, amma kaɗan ne suka san nauyin da ya ɗauka. Shi ne Alhaji Abubakar Imam, mutumin Kagara, wanda aka fara danƙa wa amanar labari da hoto a ƙasar Hausa, tun zamanin da mutanenmu ba su saba da ko ɗaya daga cikinsu bisa takarda ba.

An haife shi a Kagara, cikin ƙasar da a yanzu ta ke Jihar Neja, a shekarar 1911, watau 1329 ta Hijira. Gidansu gidan malanta ne da shari'a, gama mahaifinsa Malam Shehu Usman shi ne alƙalin garin. Saboda haka da allo ya buɗe ido, kamar yadda ni da ku muka buɗe, ya sha tawada da zuge kafin ya san akwai wani abu wai shi fensir. Wannan ya kamata a riƙe shi da kyau, domin akwai masu tsammani boko ne ya yi Imam. Boko ya tarar da shi ne da harsashinsa a gine.

Yana da wa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da shekara ashirin da 'yan kai. Shi Malam Bello yana cikin waɗanda suka yi makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, daga baya ya zama malamin Larabci da addini a Kwalejin Katsina, har ya kai ga sarautar Walin Katsina. Shi ne ya ɗauki ƙanensa ya tafi da shi Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Imam ya shiga Kwaleji a 1927, ya fita a 1932 da takardar malanta. A cikin waɗannan shekaru ya zauna inuwa ɗaya da Ahmadu Bello wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya zama Firayim Minista. Da ya gama sai aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina.

Yana nan yana koyarwa sai a 1933 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya zaga lardunan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausa, a yi gasa. Abin ya zo wa mutane baƙo, don a wurin malamanmu takarda ta ilmi ce da wa'azi da tarihi, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da dare. Duk da haka aka sami littattafai biyar da aka buga: Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na Tafida Wusasa tare da East. Ku duba, biyu daga cikin biyar ɗin nan daga ɗaki guda suka fito. Wanda duk ya taɓa zama gaban malami aka biya masa Maƙamatul Hariri, in ya karanta Ruwan Bagaja zai ga inuwar Abu Zaidi a jikin Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Yaron bai zubar da abin da ya sha a zaure ba.

East ya ga alƙalamin yaron nan ba irin na kowa ba ne, sai ya roƙa aka ba shi aronsa a 1936. Ya zo Zariya ya yi wajen wata shida, a nan ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga daga 1937. Ya ɗebo labarai daga na Larabawa da na Indiyawa da na Turawa, ya rina su a marinar Hausa har ba mai gane asalin farinsu, ya sa su a bakin aku. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don ba gidan da ba a san shi ba. Abin da na ke so ku lura da shi shi ne, littafin ya fito da zane-zanen mutane da dabbobi a cikinsa, wata Baturiya ce ta zana su, wadda ta zama matar East. Yara da yawa a ƙasar nan can suka fara ganin sura bisa takarda, iyayensu na kallo suna shakka.

To, ga babban al'amari. Wajen 1938 duniya ta ɗauki zafi. Hitila na Jamus yana neman a mayar masa da ƙasashen da aka ƙwace wa Jamus bayan yaƙin 1914, ga Kamaru kuwa maƙwabciyarmu tana cikinsu. Sai ji-ta-ji-ta ta cika kasuwanni, wai Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Jamus su huta. Magana ta bi ayari ta bi jirgin ƙasa, kowa ya karɓa ya ƙara mata gishiri. Hukuma ta ga ba ta da bakin da za ta yi wa talakawa magana da shi, sai aka shirya jarida da Hausa, aka sa mata kuɗi kwabo ɗaya, aka raɗa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ta fara fitowa a watan Janairu 1939 daga Zariya, Abubakar Imam kuwa shi ne editanta na Hausa, yana da shekara ashirin da takwas bai cika ba. Kafin shekarar ta ƙare yaƙi ya ɓarke, a watan Satumba. Da ya ke jama'a da yawa ba su karanta boko, har an riƙa haɗa ta da 'yar takarda cikin ajami, wadda a ke kira 'Yar Gaskiya. Ashe wannan shafi namu yana da kaka.

Mene ne aikin edita? Mutane su kan zaci shi ne ya zauna ya rubuta labari kawai. Ba haka ba ne. Labarai su kan taru a gabansa fiye da abin da takarda za ta ɗauka, shi zai zaɓa, shi zai zubar. Shi zai ce wannan ya hau shafin fari, wancan ya koma ciki. Shi zai zaɓi hoton da zai tsaya a goshin jarida, ya kuma rubuta 'yan kalmomin da za su zauna a ƙarƙashinsa. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Shafin fari shi ne fuskar kwando. Wanda ya je Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya san mai saye fuskar kwando ya ke dubawa ya yi ciniki, ba ya zazzage shi ƙasa. In manomi ya jera jajaye manya a sama ya cusa ruɓaɓɓu a gindi, ya ci kuɗin ranar, amma ya yi algus, hukuncin algus kuwa ba ɓoyayye ba ne ga mai karatu, tun daga hadisin nan na mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Haka jarida ta ke. Sau da yawa mutum goshinta kaɗai zai gani a hannun wani, ya wuce ya ba da labari a majalisa.

Game da hoto kuwa, sai an yi bayani kaɗan, gama a nan ne malamanmu suka fi tsayawa. Abin da ke cikin sharhohin Muhtasar, a babin walima, shi ne surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, cikakkiyar gaɓoɓi, mai jiki wadda ta ke da inuwa, kamar gunki. Wadda ba ta da inuwa, kamar zane a bango ko a takarda, ba ta kai haram ba a mazhabarmu, sai dai karhanci ko barin abin da ya fi. Da na'urar ɗaukan hoto ta zo, wani babban malamin Masar, Shaihu Muhammadu Bakhit, wanda ya yi muftin ƙasar ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta ta, hujjarsa ita ce mai ɗauka bai ƙagi sura ba, inuwar da Allah ya halitta ce ya tsare, kamar yadda madubi ke yi, sai dai ita ta madubi ba ta zama. Waɗansu malamai ba su yarda ba, suka hana sai bisa larura. Saɓanin nan yana nan har yau, ni kuwa ba raba gardama na zo yi ba. Abin da na ke cewa shi ne, in hujjar halatta hoto ita ce inuwar gaskiya ce aka tsare, to, ranar da aka sa hannu aka sāke inuwar nan, hujjar ta faɗi, abin ya koma shaidar zur.

Kada kuma wani ya ce sai a zamanin kwamfuta aka fara sa wa hoto hannu. Tun zamanin Imam a kan yi. Ga yadda a ke aikin a wancan lokaci: a ɗauki hoto a fim, a shiga ɗaki mai duhu a wanke shi da ruwan magani, a fitar da shi bisa takarda. Kafin ya shiga jarida sai a sāke ɗaukansa ta cikin wani gilashi mai raga, wanda zai farfasa shi ya zama ɗige-ɗige ƙanana, inda duhu ya ke ɗigon ya yi kauri, inda haske ya ke ya yi siriri. Sa'an nan a ci wannan ɗige-ɗige bisa farantin ƙarfe da ruwa mai cin ƙarfe, a kafa farantin bisa katako, a jera shi tare da baƙaƙen dalma a shafa tawada. Wanda ke da tsohuwar jarida ya kusantar da ita ga idonsa, zai ga ɗigon. Tsakanin wankewa da cin ƙarfen nan akwai hannuwa da yawa, akwai almakashi, akwai buroshi da fenti. A ƙasar Rasha, zamanin Sitalin, akwai wani babban jami'insa mai suna Yezhov da aka ɗauke su hoto tare a bakin ruwa. Da Sitalin ya sa aka kashe shi a 1940, sai aka shafe shi daga hoton aka cike gurbinsa da ruwa, kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. Wannan ya faru ne Gaskiya tana da shekara ɗaya da kafuwa. Ko a Amurka, a 1982, wata shahararriyar mujalla mai suna National Geographic ta matso da dalar Fir'auna biyu na Masar kusa da juna don su shiga bangonta, da abin ya tonu ta sha zargi ƙwarai. Dutsen da ya yi shekara dubbai bai motsa ba, ga shi mai shirya bango ya motsa shi da rana tsaka.

Masu wannan sana'a sun sa iyaka, iyakar kuwa mu mutanen Kura ba za ta yi mana wuyar ganewa ba. In an tsamo baƙi daga marina a kan kai shi mabuga a buga shi da shuni har ya yi walƙiya, ba wanda ya ce an yi ha'inci, domin turkuɗin shi ne dai, ƙyalli aka fito masa da shi. Haka in hoto ya yi duhu aka ƙara masa haske don a ga abin da ke ciki. Amma a cire mutum, ko a ƙara wanda ba ya nan, ko a yanke gefe don a ɓoye wanda ya fara kai duka a bar mai ramawa, wannan ya fita daga bugu ya shiga rufe ɓarakar zane da shuni. Mafi sauƙin ƙarya duka ba ta bukatar almakashi ma: hoton na gaskiya ne, sai a rubuta masa sunan wani gari ko wata shekara a ƙarƙashi. Ita ce ta fi yawo yau cikin wayoyin hannu, a ɗauko gobarar wata ƙasa a ce kasuwar Kano ce. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, a ina, yaushe. Hoto ma ruwaya ne, yana bukatar isnadinsa.

To, a cikin irin wannan aiki Imam ya zauna shekara goma sha biyu. Kada mu ɓoye, Gaskiya jaridar hukuma ce, Turawa suka kafa ta don bukatarsu, a lokacin yaƙi kuwa labari da hoto ta hannun Ingilishi su ke isowa. Mai jarida a irin wannan hali kamar dillali ne wanda mai kaya ke tsaye a kansa. Abin da ya sa na ke ganin girman Imam shi ne bai bar jaridar ta zama bakin Gwamna kaɗai ba, ya mai da ita kunne kuma. Ya buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa suka riƙa rubutowa daga larduna, ana tattauna al'amuran ilmi da na mulki waɗanda dā sai a zaure a ke raɗa su. Shi kansa ya riƙa rubuta sharhi da Hausa mai daɗi, ya sa karin magana inda wani zai sa zagi, ya faɗa wa manya abin da ba su so ba tare da ya tsinka igiya ba. Hausar da a ke rubutawa a jarida har yau, da wadda a ke karanta labarai da ita a rediyo, akwai hannunsa a cikinta. A ofishin nan kuma samari irin su Malam Nuhu Bamalli suka goge.

A 1943, yaƙi na tsakiyar ci, jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jirage a teku, aka gayyaci editoci takwas daga Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila. Imam na cikinsu, shi kaɗai daga Arewa, tare da Dokta Azikiwe mai jaridar West African Pilot ta Ikko. A can Azikiwe ya shirya takarda ta neman a sa wa'adin ba da mulkin kai, 'yan tawaga suka sa hannu, Imam ya ƙi. An zarge shi a kan wannan, har aka ce yaron Turawa ne. Ni dai ga yadda na ke gani: mutum ne da aka aiko daga jama'ar da ba ta wakilta shi ga wannan magana ba, ya kuwa san Arewa a ran nan ba ta da likitoci da injiniyoyi da akawuna da za su riƙe ƙasa. Wanda bai yarda da ni ba yana da tasa hujja, don jinkirin nan ma an biya kuɗinsa. Amma ba tsoro ne ya hana shi ba, gama a wannan tafiya ya sadu da Lugga, wanda ya ci ƙasar nan da yaƙi, yana tsoho ya yi murabus, ya zayyana masa illolin mulkin da ya kafa, da yadda aka bar samari masu ilmi ba a jin ta bakinsu, daga baya kuma ya bi shi da wasiƙu a kan haka. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa maɗaba'a a Tukur-Tukur ta Zariya, a 1948 kuma aka ƙara jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen. A shekarun nan ne 'yan boko na Arewa suka fara haɗa kai, Imam na cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da su Dokta Dikko. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, aka zaɓe shi Majalisar Kaduna, daga nan zuwa ta Wakilai a Ikko, sai ya sauka daga kujerar edita. Ya kyauta da ya sauka. Mai riƙe da ma'auni ba ya zama mai kaya a kasuwa ɗaya. Ko da haka mutanen NEPU, waɗanda ke da ƙarfi a nan ƙasar Kano, sun riƙa ganin Gaskiya ta karkata wajen sarakuna da hukuma, ba kuwa za a ce ba su da abin nunawa ba.

Akwai wani aikinsa da alhazai ya kamata su sani. A 1953 ya kawo shawara a majalisar Ikko a kafa ofishin da zai kula da alhazan Nijeriya a Jidda. A lokacin nan talakawa ta ƙasa su ke tafiya, ta Barno da Chadi da Sudan, waɗansu su yi shekaru a hanya suna noma suna ƙwadago, waɗansu su ƙare a can ba labari. Aka karɓi shawararsa, ya tafi hajji a shekarar ya dubo halin da a ke ciki, ya kawo rahoto. Yana cikin tushen hukumomin alhazai da muka sani. Abin lura, fasfo ɗin da alhaji ke riƙewa ba ya yiwuwa sai da hoto, har malaman da suka fi tsanantawa suka zauna gaban mai hoto bisa larura. Wannan tafiya ita ta haifi littafinsa Haji Mabuɗin Ilmi.

Bai daɗe cikin siyasa ba, ba ta dace da halinsa ba. Ya koma aikin littattafai a Zariya, sa'an nan aka sa shi cikin hukumar ɗaukan ma'aikata ta Jihar Arewa a Kaduna, inda ya yi shekaru ana neman 'yan ƙasa da za su gaji kujerun Turawa. Bayan an rarraba jihohi a 1967 ya ci gaba da irin wannan aiki, har ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a. Alƙalaminsa kuwa bai bushe ba, sai dai ya juya wajen addini, ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle da tarihin Sayyidina Abubakar, don wanda bai iya Larabci ba ya sami abin karantawa da harshensa. Jami'ar Badun ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Tarihin rayuwarsa da ya bari an buga shi da Turanci a 1989, Alhaji Abdurrahman Mora ne ya shirya shi.

Allah ya karɓi abinsa a Zariya ran Juma'a 19 ga watan Yuni 1981, cikin Sha'aban na 1401, yana da shekara saba'in. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, amin.